Malamin da Ke Koyar da "Ta Yaya Ka Sani?"

Wata yarinya ta ƙone a yatsa, ta shafa kashin shanu, bayan 'yan kwanaki ƙunar ta warke. Daga nan ta shiga gaya wa ƙawayenta cewa kashin shanu maganin ƙuna ne. Wannan ɗan labari yana cikin abubuwan da aka ajiye a gaban 'yan aji biyar na firamare a ƙasar Yuganda a shekarar 2016. Duk mai son sanin ko malamin kimiyya ya iya aikinsa, to ya tsaya a bakin taga ya saurari abin da zai yi da wannan labari.

Malami mai gaggawa zai ce ƙarya ne, ƙazanta ce, kada wanda ya kuskura ya gwada. Kuma gaskiya ya faɗa, domin kashin dabba a kan buɗaɗɗen ciwo na iya sa wurin ya ruɓe, yana iya jawo cutar tetanus mai sarƙe haƙora. Sai dai yaron ya fita daga aji da amsar tambaya ɗaya tak. Gobe idan aka ce masa manja ne maganin ƙuna, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ya koma gidan jiya. Abin da ya canja kawai shi ne bakin da maganar ta fito: jiya ƙawa ce ta ce, yau malam ne ya ce.

Wanda ya iya kuwa ba ya saurin yanke hukunci. Darasin a hannunsa yakan tafi kamar haka. Zai tambaya: "Yarinyar nan ƙarya ta yi?" Yara su ce a'a, ai ta warke. "To, a cikinku wa ya taɓa ƙonewa?" Hannuwa su tashi. "Kai, me aka sa maka?" "Malam, ruwan sanyi kawai." "Ke fa?" "Malam, ni ba a sa mini komai ba." "Kuma kin warke?" "Na warke, Malam." Sai ya yi shiru, ya bar ajin da abin da suka ji da kunnensu. Ba a daɗewa wani zai ɗaga hannu ya ce ashe ƙaramar ƙuna da kanta take warkewa, ko an shafa wani abu ko ba a shafa ba. A nan ne malamin zai jefa tambayar da duk darasin ya rataya a kanta: da yarinyar ba ta shafa kashin shanun ba, me zai faru? Ita ba ta sani ba, domin yatsa ɗaya ne ya ƙone, kuma abu ɗaya aka yi masa. Mai yiwuwa faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Bayan nan ne zai yi musu gargaɗin haɗarin kashin shanu, kuma gargaɗin ya samu wurin zama.

Na daɗe ina ganin girman wannan sana'a, kuma girman wanda ke koya wa malamai ita ya fi. Yaron da ya gano da kansa cewa labarin mutum ɗaya bai isa hujja ba, ya samu ma'aunin da zai auna maganar mai tallan magani a tasha, da saƙon da aka turo wa mahaifiyarsa ta WhatsApp, da ma maganar malamin nasa. Amma kafin yaro ya samu wannan ma'auni, sai an fara damƙa shi a hannun malami, kuma a nan wahalar take.

Aikin na Yuganda haɗin gwiwa ne tsakanin masana na Jami'ar Makerere da ke Kampala, irin su Allen Nsangi da Daniel Semakula da Nelson Sewankambo, da abokan aikinsu na Norway da Ingila, cikinsu har da Andy Oxman da Iain Chalmers. Sun shafe shekaru suna gwada kayan koyarwa tare da malamai da yara, ana gyarawa ana sake gwadawa, kafin su tsaya a kan littafi mai zane-zane, da littafin aiki, da littafin jagora na malami. Ƙa'idoji 12 suka zaɓa. Daga ciki akwai cewa magani na iya cutarwa kamar yadda yake iya amfanarwa, cewa daɗewar abu a hannun jama'a ba ta tabbatar da amfaninsa, cewa sabon abu ko mai tsada ba lallai ya fi tsoho ko mai araha ba, cewa ra'ayin ƙwararre shi kaɗai bai wadatar ba, kuma mai sayarwa yana da tasa buƙatar a cikin abin da yake faɗa. Sauran sun shafi yadda ake kwatanci na adalci tsakanin magani da magani.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya a kan cewa tsarinsu na da kyau ba. Abin da suke koya wa yara shi suka yi wa kansu. Suka ɗauki makarantu 120 a yankin tsakiyar ƙasar, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, 60 aka ba su darussan, 60 suka ci gaba da karatunsu yadda suka saba. An tara malaman rukunin farko a taron bita na kwana biyu, sannan suka koma suka koyar da darussa 9 cikin zango ɗaya, kowanne na minti 80. A ƙarshen zangon yara sama da 10,000 suka zauna jarrabawa mai tambayoyi 24, wanda ya ci 13 ya haye. A makarantun da aka koyar, kashi 69 cikin ɗari suka haye. A sauran, kashi 27. An buga sakamakon a mujallar likitanci ta Lancet a 2017.

Akwai wani adadi a cikin binciken da ba a cika ambatonsa ba, alhali ni a wurina shi ne zuciyar maganar. Malaman ma an ba su wannan jarrabawa ta 'yan aji biyar. A cikin waɗanda ba su samu horon ba, ƙasa da biyu cikin goma ne suka kai matakin ƙwarewa, wato cin tambayoyi 20 ko fiye. A cikin waɗanda suka samu horon suka kuma koyar da darussan, kusan bakwai cikin goma ne. Wannan ba abin kunya ba ne ga malaman, domin ba wanda ya taɓa koya musu. Amma ya nuna cewa mai horarwa ba zai fara da dabarun koyarwa ba. Dole ya fara da kan malamin, ya mayar da shi ɗalibi, ya sa shi ya ɗanɗani yadda mutum ke ji idan abin da ya yi imani da shi tun yarinta ya gaza tsayawa a gaban tambaya.

Gwanin horarwa yana yin haka ne da hannu, ba da lacca ba. Misali, ya zuba farin wake 50 da jan wake 50 a jaka, ya ce fari na nufin wanda ya warke, ja wanda bai warke ba. Malami ɗaya ya zura hannu ya ɗebo goma ba tare da ya duba ba, a ce waɗannan su ne suka sha magani na farko. A mayar, a girgiza, wani ya ɗebo goma, su ne suka sha na biyu. Sau da yawa za a ga na farko ya samu fari bakwai, na biyu huɗu. Nan take ɗakin zai ce magani na farko ya fi. Alhali jaka ɗaya ce, wake ɗaya ne, babu wani bambanci sai sa'a. Idan aka maimaita sau goma aka haɗa lissafi, sai a ga tazarar ta ragu har ta kusa ɓacewa. Malamin da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a haddace masa cewa ƙaramin gwaji na iya yaudara, kuma gobe zai iya yi wa ajinsa da waken gidansa.

Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji, kuma haka ne. Amma wannan sana'a tana ƙara wani mataki a kai: gani ɗaya ma yakan ruɗi mai shi. Yarinyar mai kashin shanu da idonta ta ga ta warke. Abin da ke korar ruɗi shi ne gani biyu a jere, wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba. Shi ya sa masu wannan fage ba sa gajiya da labarin James Lind, likitan jiragen ruwan Ingila. A 1747 ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da wata cuta da ke sa dasashi ya kumbura ya riƙa zubar da jini, jiki ya mutu, cutar da ta kashe dubban matuƙa a doguwar tafiya. Ya raba su bibbiyu, ya ajiye su wuri ɗaya, abinci iri ɗaya, kowane biyu ya ba su magani dabam, har da ruwan teku da ruwan khal. Biyun da suka samu lemon zaƙi da lemon tsami ne suka farfaɗo cikin kwanaki. Malami mai basira ba ya tsayawa a yabon Lind. Zai tambayi ajin: mutum biyu sun isa? Wa ya zaɓi wanda zai sha lemo, kuma da zaɓin ya faɗa kan masu sauƙin ciwo fa? Yara na jin daɗin gano cewa har babban likita ana iya bin diddigin aikinsa.

Sai kuma abin da ya fi kowanne wuyar koyo, wato shiru. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi ɗaruruwan darussa a kaset tana auna tsawon lokacin da malami ke jira bayan ya yi tambaya. Ta tarar da cewa abin bai cika wuce daƙiƙa ɗaya ba. Kafin yaro ya gama juya tambayar a kansa, malam ya maimaita ta, ko ya nuna wani, ko ya amsa da kansa. A bayanan da ta fitar a farkon shekarun 1970 ta nuna cewa idan aka horar da malami ya jira daƙiƙa uku ko fiye, ajin kan sauya kama: amsoshi su yi tsawo, yaran da ba sa magana su fara magana, "ban sani ba" ta ragu, kuma yara su fara haɗa maganarsu da dalili. Ta kuma gano cewa jiran iri biyu ne, na bayan tambayar malami da na bayan amsar ɗalibi, kuma na biyun yana da muhimmanci ƙwarai, domin a cikinsa ne yaro ke ƙara "saboda", ko wani ya ce bai yarda ba.

Daƙiƙa uku a baki ba komai ba ce. A gaban yara saba'in ko tamanin, cikin zafi, ga manhaja tana jira a gama, ji ake kamar an shekara. Malami yakan ji kamar shirun na tona masa asiri, kamar aji zai kuɓuce masa. Don haka mai horarwa ba ya gamsuwa da ya ce "ku riƙa jira". Yana sa malami ya koyar da ɗan darasi na minti goma a gaban 'yan uwansa, wani na riƙe da agogo yana rubuta tsawon kowane jira, wani na ƙirga tambayoyin da amsarsu "e" ko "a'a" ce kawai. Idan da waya, a naɗa a kunna masa ya ji kansa. Kusan kowa na mamakin abin da ya ji. Sai a sake darasin, a sake aunawa. Ana kuma koya masa ya riƙe fuskarsa, domin yara gwanayen karanta fuska ne. Da zarar malam ya yi murmushi a kan amsa, tunani ya tsaya, kowa ya bi inda murmushin ya nuna. Maimakon "daidai" ko "kuskure", sai ya saba da "me ya sa ka ce haka?" da "wa ke da wani ra'ayi dabam?" da "me za mu gani idan maganarki gaskiya ce?"

Akwai wata dabara da wasu malamai biyu na Ostareliya, Richard White da Richard Gunstone, suka yaɗa a littafinsu na 1992, mai matakai uku: hasashe, lura, bayani. Kafin a saki babban dutse da ƙarami daga tsayi ɗaya, kowane yaro ya rubuta wanda yake zaton zai riga isa ƙasa, da dalilinsa. Rubutawar ita ce sirrin. Wanda bai rubuta ba, da ya ga sun faɗi tare zai ce dama ya sani. Wanda ya rubuta kuwa ga hannunsa nan a takarda yana shaida a kansa, dole ya zauna ya sasanta abin da ya zata da abin da ya gani.

Ina dagewa a kan wannan ne saboda gwaji ma ana iya haddace shi kamar yadda ake haddace ma'anar kalma. A makarantar da na yi, lokacin da muke shirin jarrabawar ɗakin gwaji, kowa ya san adadin da ake sa ran ya fito. Idan naka ya sha bamban, sai ka goge ka rubuta wanda ya yi kusa da na malam. Muna riƙe da kwalabe, muna zuba sinadarai, amma abin da muka koya shi ne idan idonka ya saɓa wa amsa, idonka ne za ka ƙaryata. Har yau abin na yi mini ciwo, domin kishiyar kimiyya muka koya a cikin ɗakin kimiyya. Malamin da aka horar da kyau, idan adadin yaro ya bauɗe, nan yake tsayawa, nan darasin yake. Ruwa ba ya tsami banza. Ko awon ne aka yi ba daidai ba, ko kwalbar ba a wanke ba, ko kuwa akwai abin da ba mu lura da shi ba, kuma ɗayan ukun za a gano.

Tambayar da malamai kan yi a irin wannan bita, kuma tambaya ce mai nauyi, ita ce: idan yaro ya ce kakarsa ce ta faɗa masa, ni in ce masa kakarsa ba ta san abin da take yi ba? Gwanin horarwa ba ya wasa da wannan damuwa. Yana nuna wa malami yadda ake raba mutum da magana. Kaka na nan da girmanta, maganar ce ake aunawa, kuma ma'aunin ba ya son kai. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha a yau, mai sinadarin artemisinin, daga wani ganye ya fito wanda Sinawa suka daɗe da sani a maganinsu na gargajiya. Tu Youyou da abokan aikinta suka bi shi da gwaji, ya tsaya da ƙafarsa, ta samu kyautar Nobel a 2015. A ɗaya gefen, shahararren likitan yara na Amurka, Benjamin Spock, ya yi shekara da shekaru yana ba iyaye shawarar su kwantar da jarirai rub da ciki, miliyoyi suka bi, sai daga baya bincike ya nuna cewa hakan na ƙara haɗarin mutuwar jariri cikin barci. Ganyen gargajiya ya ci jarrabawa, shawarar babban likita ta faɗi. Yaron da ya ji labaran biyu tare ba zai raina kakarsa ba, ba kuma zai miƙa wuya ga farar riga ido rufe ba.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya zauna a zauren malaman hadisi. Can ma ba a karɓar magana don kawai ta yi daɗin ji. Ana tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun yi zamani ɗaya, sun haɗu, yana da gaskiya, yana da riƙo. Malamin kimiyya da ya san wannan yana da ƙofar shiga zukatan ɗalibansa. Abin da zai ƙara musu shi ne cewa a al'amuran da ake iya gwadawa, gaskiyar mai ba da labari ba ta wadatar, domin mai gaskiya ma yakan danganta warkewarsa ga abin da ba shi ya warkar da shi ba. Ibn al-Haytham, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekaru dubu da suka wuce, ya rubuta littafi sukutum a kan shakkunsa game da Batlamiyus, wanda a zamanin ake ɗauka shi ne ƙarshen magana a ilimin taurari, kuma ya kafa bayaninsa na yadda haske da gani ke aiki a kan gwaji.

Mun ɗanɗani rashin wannan ma'auni a farkon watan Agustan 2014, jim kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye Najeriya cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. 'Yan boko da waɗanda ba su yi boko ba duk an tashe su da asuba, kuma yawanci masoyi ne ya kira masoyinsa. An kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa ransu. Da yawa cikin waɗanda suka tura saƙon sun ci kimiyya a jarrabawa. Abin da ba a saba musu da shi ba shi ne tsayawa a ce: wa ya gwada, a kan mutum nawa, aka kwatanta da wa?

Gidajen da za a koyar da wannan sana'a muna da su. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa na nan a Kaduna tun 1976. Shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya da aka fara a Kenya a 1998 da taimakon hukumar JICA ta Japan ya iso Najeriya a 2006, aka soma da jihohin Kaduna da Neja da Filato, ya kuma shiga Jamhuriyar Nijar. Ya yi ƙoƙari wajen sa malami ya bar dogon bayani, ya sa yara su taɓa abu da hannu, ya ƙirƙiri kayan gwaji daga gwangwani da roba da tsinken tsintsiya. Abin da nake fata a ɗora a kai shi ne auna hujja, kuma a sa shi a cikin jarrabawa, domin malami da ɗalibi duk inda jarrabawa ta fuskanta can suke fuskanta.

Masu binciken Yuganda sun koma bayan shekara guda suka sake jarraba yaran. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka koyar suka haye, a ɗaya rukunin kuma ɗan sama da rabi. Iyayen da aka ba su irin wannan ilimi ta shirye-shiryen saurare sun nuna ci gaba da farko, amma bayan shekara mafi yawan ribar ta zube, yayin da ta yaran da suka zauna da malami mako bayan mako ta tsaya. A 2022 aka sake gwada tsarin a makarantun sakandare na Kenya da Ruwanda da Yuganda, da darussa 10 bayan an yi wa malamai bita, kuma a duk ƙasashen uku ɗaliban da aka koyar sun fi takwarorinsu iya auna da'awa. A wannan karon an tsara darussan ta yadda malamin da ba shi da komai sai allo da alli da wayar da zai duba tsarin darasi zai iya koyar da su.